A Bar Wa Tsofaffinmu Kalar Auduga Kafin A Sa Wuta

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ke sayen audugar ƙasarmu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk na ƙarƙashinka.

Sunana Garba, mutumin Taba ta ƙasar Kudan, masaƙi ɗan masaƙi, amma yau leburan haƙar kuza a Bukuru. Jiya wani ɗan garinmu ya sauko daga jirgin ƙasa, ya ce mini za ka zo Maƙarfi da ƙafarka ranar buɗe kasuwar auduga ta bana, har ka ce mai kuka ya kawo kukansa. Tuwo nake ci, na ture kwanon na tashi neman takarda. Ashe akwai kunne a kamfanin nan! Tun da ba ni da halin zuwa, ga nawa a jarida, kowa ya gani.

Na ɗaya. Ba zan yi maka ƙarya ba, irin audugar da kuke rabawa yana yi. Da kuɗin audugarku yayana yake biyan haraji ba tare da ya taɓa rumbu ba, kuma hanyar motar da aka share dominku mu ma muna bi. Wannan na faɗa, Allah shaida.

Na biyu. Sa'ad da nake yaro, auduga masu saye gare ta da yawa: mata masu kaɗi, masaƙa, fataken Kano. Manomi ya ƙi tayin wannan, ya juya ga wancan. Yau mai saye ɗaya, sikeli ɗaya, abin da malamin awo ya faɗa shi ke nan, wanda kuma aka kama ya sayar a waje ya sha tara. To, mu masaƙa ina za mu sami zare? Audugar da muka noma ta hau jirgi ta tafi, ta dawo mana yadin akoko a kanti. Gindin durumin da muke jeruwa muna saƙa a Taba, yanzu awaki ke kwana a wurin. Zo Bukuru ka gan mu! Ga na Gubuchi, ga na Ikara, har da wani marini da shuɗin baba bai gama fita daga hannunsa ba, dukanmu da kwanon ƙasa a ka. Wannan na haɗiye shi tuntuni, ba shi na zo roƙo ba.

Na uku, shi ne ya sa ni rubutu. Wataƙila ba wanda ya taɓa gaya maka mene ne kala. A wurinmu, in mai gona ya gama cirar audugarsa, abin da ya rage a jikin itace ba nasa ba ne kuma, na tsofaffin mata ne. Su shiga da kwandunansu su tsince, ba mai hana su. Auduga ce mai datti, wadda ko an kai sikelinku za a ture ta gefe. Su ne za su zauna su tsince dattin, su gurje, su saɓe, su kaɗa. Kuma yawancinsu zaren likkafaninsu suke tarawa da ita, kaka bayan kaka, ɗa ko jika ya saƙa musu.

Mahaifiyata, Iya, ta tara nata har ya wuce rabi. Sai ga dokar da kamfaninku ya sa aka kafa, cewa da an gama cira a tuge itacen a ƙone nan take, saboda tsutsar da ke kwana a ciki ta ɓata ta baɗi. Bara Iya ta fita da kwandonta tana dogara sanda, ta tarar da hayaƙi gona bayan gona. Malamin gonan da ya sa wutar ɗan Kudan ne, ya san ta, har ya durƙusa ya gaishe ta. Ban ga laifinsa ba, an aike shi ne. Tsutsar ma na yarda da ita, na gan ta da idona. Amma don Allah, tsutsa ba za ta iya jiran tsohuwa ta cika kwando ba?

Na sayi farin yadin alawayyo mai kyau na aika mata. Ta dawo mini da shi a naɗe yadda yake, da saƙon cewa mahaifiyarta da mijinta duk da farin saƙin gida aka rufe su, ita ma da shi za ta bi su. Na san malamai sun ce kowane farin ƙyalle ya wadatar. Ita ma ta sani. Amma uwa ce, abu ɗaya ta roƙe ni a duniya. Yanzu an ce mini idonta ya fara hazo, mazari na suɓuce mata. Kakar bana ce ta rage mata, ranka ya daɗe, ban ga wata a bayanta ba.

Saboda haka ina roƙo: a sa tazara tsakanin cirar ƙarshe da sa wuta, ko da daga kasuwa zuwa kasuwa ne, a yi shela tsofaffi su shiga. Kuma kada a kama mace da audugar kala a ce ta ɓoye ta kamfani. In kana shakka, ka tambayi kowace tsohuwa a Maƙarfi, za ta gaya maka fiye da haka.

In ka yarda, ranar da labari ya iso ni zan ajiye kwanon kuza in hau jirgi, in kakkaɓe masaƙar babana, in saƙa mata tana zaune tana jin ƙarar ƙoshiya! In ka ƙi, da alawayyon kanti zan naɗe ta. Ita ba za ta sani ba. Ni zan sani.

Allah ya ja zamaninka, ya kai ka Maƙarfi lafiya, ya ba ka ikon cika wa taka mahaifiyar abin da ta roƙe ka.

Wassalam.

Ni ne mai jiran amsarka,
Garba Masaƙi, mutumin Taba, yanzu a Bukuru.