Baƙi a Gidan Kwaji

Yelwa, Mubi
3 ga Yuli, 2016

Ƙanena Kwaji,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da Selina da yara, da ruwan Birmingham da ba ya ɗaukewa. Mu ma lafiya lau. Damina ta kankama, matata Dokas ta shuka gyaɗa har bakin ƙofa.

Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ka barin mutum ya ƙarasa magana.

Barka da nasara. Na ga hoton da ka turo kana riƙe da 'yar tuta, da bayaninka cewa kun fitar da Birtaniya daga Tarayyar Turai. Ashe shekara goma sha huɗu a kantin magani sun isa su mai da ɗan Michika jikan Sarauniya. Ka ce 'yan Poland da Romaniya sun cika muku gari, suna surutu da yarensu a cikin bas. Sai na tuna yadda kake kirana daga cikin bas ɗin nan kana zuba yarenmu na Kamwe da ƙarfi, har ina jin direba yana gyaran murya.

Tun da tarihi nake koyarwa, bari in tuna maka cewa Mubi ta riga Birmingham yin irin wannan ƙuri'a. A 1961 an ajiye wa Baba akwati biyu, ɗaya na Najeriya, ɗaya na Kamaru. Har ya rasu yana cewa ya jefa tasa ne a wanda layinsa ya fi gajarta, don yana da aiki a gida. Da akwatin Kamaru ya ci, da yanzu kana Faransa kana ƙorafin Turawan Ingila sun cika muku gari. Fita ko zama, ƙasa tana da ikon zaɓa. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya toshe ƙofar maƙwabci ya wayi gari hatsinsa ya ƙaru ba.

Ga labarin gida. Malam Gabdo, Bafulatanin nan na ƙauyen Kamaru da ke bayan Sahuda, ya kawo matarsa Hajaratu asibiti. Ciwon suga ya ci mata ƙafa, ana wanke gyambon sau uku a mako, hanyar kuma ba ta biyuwa da damina. Na buɗe musu ɗakuna biyu na baya a gidanka na Lokuwa, wanda ba kowa a ciki sai ƙadangaru. Na san za ka yi murna.

Ka gai da Selina. Yayanka,
Ezekiya

Yelwa, Mubi
7 ga Agusta, 2016

Ƙanena Kwaji,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Selina, murar ta sake ta? Dokas na gaishe ku, ko da yake sai da na roƙe ta.

Amsarka ta iso, shafi huɗu. Ban yi zaton ka iya rubutu mai tsawo haka ba, don lokacin rasuwar Mama layi uku ka turo. Ka ce ba ƙiyayya ba ce, tsari ne. Ka ce ƙasa da gida duk ɗaya ne, dole mai su ya san wanda ke kwana a ciki, kuma baƙo in ya samu wuri yakan kira danginsa. Har ka tambaya ko Gabdo yana da takardun zama a Najeriya.

Ba shi da su. Mu ma ba mu da ko ɗaya ranar da Mubi ta faɗi hannun 'yan bindiga, a ƙarshen Oktoban 2014. Mu goma sha ɗaya muka bi ta Sahuda da ƙafa, ni da ɗana Joel muna karɓa-karɓar goyon Mama. Gabdo bai taɓa ganinmu ba. Ya same mu zaune a gindin tsamiya, ya dubi ƙafafun Mama, ya koma ya kwashe masararsa daga ɗaki ya shimfiɗa tabarma. Mako bakwai muka yi. Hajaratun nan da kake neman takardunta ita ta riƙa dama wa Mama kunu, ita ta rufe mata ido. A gefen gonarsa muka binne ta, shi Musulmi ya tsaya can nesa har muka gama waƙoƙinmu, washegari ya kewaye wurin da ƙaya don kada shanu su taka. Duk wannan ka sani. Kana ta bugo waya a lokacin kana cewa Allah ya saka masa. To, ga shi Allah ya turo shi gidanka.

Na karanta jaridun da ka haɗo mini, na gode. Na ga waɗanda suka ja ku zuwa fita sun fara cewa ba haka suke nufi ba. Na kuma ga labarin waɗanda aka tare a titi bayan ƙuri'ar aka ce su koma garinsu, ba 'yan Poland kaɗai ba. Ka riƙa yawo da 'yar tutar nan a aljihu, wataƙila ta yi amfani.

Likita ya ce ƙafar na buƙatar wata uku. In aka katse wankin, yankewa za a yi. Ba zan tashe su ba. In kana so, ka zo da kanka ka faɗa wa Gabdo, ka dubi fuskarsa.

Yayanka,
Ezekiya

Yelwa, Mubi
28 ga Agusta, 2016

Kwaji,

Ina gaisuwa. Ina fata yara lafiya.

Ba ka zo ba, sai ka aika. Maƙwabcinka Mark ya isar da saƙonka ranar Talata, kuma don ya nuna ya yi makaranta, sai da ya karanta wa Gabdo shi da Turanci kafin ya fassara. Wata guda ka ba su, wannan karamci ne, na yaba.

Da ka san Fulani da ba ka ɓata watan ba. Bafulatani ba ya kwana inda aka nuna masa ƙofa, kuma ba zai buɗe baki ya ce an yi masa ba daidai ba. Laraba da safe na je na tarar an share ɗakunan, an cire ciyawar tsakar gida, an gyara maka ƙofar bayi da ta shekara biyu a karye. A tasha na same su, Hajaratu na zaune a kan buhu, ƙafa a naɗe da tsumma, suna jiran motar Sahuda. Na yi magana har na gaji, Gabdo yana ta murmushi yana cewa ai ta ji sauƙi. Sai da Dokas ta zo a Keke Napep, ta ɗauki ƙullin kayan Hajaratu ta sa a ciki ta zauna. Haka muka dawo da su.

Yanzu suna falona. Don a samu wurin katifa, na kwashe littattafaina na kai gidanka. Kada hankalinka ya tashi, yawancinsu 'yan Ingila ne. Akwai Faransawa biyu da wani Bajamushe mai kauri, in ka ce su fita, sai in sa Mark ya karanta musu takarda.

Wanki ɗaya kawai ta rasa, likita ya yi faɗa amma ya ce ƙafar za ta tsira.

Jiya na zauna in ba Gabdo haƙuri a madadinka, ina ta neman kalmar da ba zagi ba. Ya hana ni. Ya ce kada in ga laifinka, mutumin da ya daɗe yana baƙunta a garin wasu yakan so ya zama mai gida ko sau ɗaya, ya ga yadda korar take. Ya ce in gaishe ka, in tambaye ka ko suna kula da kai a can.

Na isar.

Ezekiya