Ranar da Baba Ya Juya Agogon Tasha

Litinin, 3 ga Oktoba, 2011
An kai Rohaya ƙara. 'Yar marigayi Hamdan maƙwabcina, mai aikin kwamfuta. Ita da abokanta suna tara ranakun da aka taɓa canja agogo a ƙasar nan, kyauta, don wayoyin mutane su san lokaci. Wani kamfanin masu duba taurari ya ce daga littafinsu ta kwashe. Littafinsu! Ni na zaunar da mutuminsu a barandar nan shekara ashirin da suka wuce, ya sha shayina, ya rubuta abin da na faɗa.

Alhamis, 6 ga Oktoba
An rufe aikin nata. Ko abinci ba ta ci.

Litinin, 10 ga Oktoba
Lauyan kamfanin ya zo, wani Teoh, ya shigo mini da takalmi. Wai hujjarsu rana ɗaya ce: ranar da aka daina bin agogon Japanawa a 1945, bayan yaƙi. Takardun gwamnati sun ce sha biyu ga Satumba. Littafinsu ya ce sha uku, Rohaya ma sha uku. Kuskure iri ɗaya, don haka kwafa ta yi.

Na ce kuskuren wa? Ubana ke kula da agogon tashar jirgin ƙasa, ni na riƙe masa tsani ranar da ya juya shi. Kwana huɗu bayan ƙaramar Sallah. Ban yi makaranta ba, a jikin tikiti na koyi baƙi, amma ba a taɓa gyara mini rana ba. Na nuna wa lauyan ƙofa.

Juma'a, 14 ga Oktoba
Rohaya ta kawo mini kifi da sambal, miyar yajin nan. Ta daɗe tana kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Tok Jusoh, ni ma daga bakinka na ji sha ukun nan. In ka shaida kai ka faɗa mana duka, kuma kuskure ne, ƙarar ta mutu."

Wato in tsaya gaban alƙali in ce kaina ya ruɓe. Na ce ta ɗauki kwanonta.

Talata, 18 ga Oktoba
Shagon kofin Boon Hock. Tsohon banza, haƙori biyu suka rage masa amma bakinsa bai gaji ba. Ya ce, "Kai agogon gari, a shekarar da Japanawa suka tafi ai ku mutanen ƙauye kwana ɗaya kuka riga birni Sallah. Uwata ta sayar muku da kaji ran Asabar, ta kai birni ran Lahadi."

Ƙarya yake. Ban shanye kofin ba.

Laraba, 19 ga Oktoba
Liman ya ga wata a bakin kogi, birni ba su gani ba. Na tuna. Kalandar da na ƙirga kwana huɗun nan da ita daga baya kuwa ta birni ce, ba ta Sallarmu ba.

'Yan kamfanin nan ɓarayi ne duk da haka. Ranar da ubana ya hau tsani ba gonar kowa ba ce.

Asabar, 22 ga Oktoba
Na wanke farar rigata, na goge hula. Rohaya za ta zo da mota jibi, ƙarfe takwas. Kotun ta yi nisa, shi ne kawai abin da ke damuna.

Na aika mata ta dawo da kifin nan. Ranar dai sha biyu ce.