Rigar Kamfanin Taba

Funtua, daren Lahadi, damina, 1965

Har yanzu raina a ɓace yake. Bara Garba, kyaftin ɗinmu, ya kore ni daga tsaron gida don ya kama ni da sigari. A gaban kowa ya ce, "Mai shan taba ba ya taka mana fili." Na daina sha, Allah ne shaida, duk don in koma raga.

Yau na je kallon wasansu da 'yan Malumfashi. Sai ga su cikin sababbin riguna, sunan kamfanin taba ɓaro-ɓaro a ƙirji. Shi Garba har da sabon keke.

Da aka tashi ya nufo ni yana washe baki. "Sule ɗan'uwa, mai hoton kamfani na son ɗan wasa da sigari a baki, mu kuwa tari muke yi. Ka tsaya a ɗauke ka, raga taka ce."

Na ce, "Malam Garba, ai mai shan taba ba ya taka muku fili."

Na juyo gida. Abin haushin, ina son ragar nan. Kuma tun magariba bakina ke neman taba.