Lambobin da Idirisu Ya Kwafa

Zermu, 4 ga Yuli 2005

Yaya Kaltuma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Inna da mutanen Birni kuna lafiya. Mu nan ruwa shiru, sai addu'a.

Na kasa faɗa wa kowa, shi ya sa na ba direba wannan takarda. Ƙungiyar agajin da kika samo mini aiki a cikinta ta aiko da faifai mai manhajar rajistar gidajen da za a raba wa gero. Tun wata guda suka tambayi ƙarfin kwamfutar biro, wato ofishinmu. Ban san inda ake dubawa ba, na ji nauyin tambayar Mushe Zakari, shugabanmu, sai na kwafi lambobin misali da ke jikin takardarsu na sa hannu.

Yau kwana biyu faifan ya ƙi shiga. Mutanen ƙauye biyar suna zaune gindin gawo, gero na kulle a sito. Na ce janareta ne ke wasa da wuta. Mushe ya yi wa Suma'ila mai kula da janaretan faɗa gaban mata, dattijo da furfurarsa. Suma'ila ya ce, “Mushe, na duba sau uku.” Ina tsaye, na bar laifin a kansa.

Ƙaninki,
Idirisu

Damagaram, 6 ga Yuli

Idirisu,

Muna lafiya, Inna tana gaishe ka. Ban karanta mata takardarka ba.

Ka danna gefen dama na linzami a kan hoton kwamfuta da ke fuskar injin, ka zaɓi Propriétés. A ƙasa za ka ga lambar ƙwaƙwalwarta. Ka gwada ta da wadda aka buga a bayan kwalin faifan. Ba ya ɗaukar minti biyu.

Ni ma ina da nawa laifin. Ni na ce wa Mushe Zakari ka san inji ciki da waje, alhali buga rubutu kaɗai na koya maka a shagona. So nake ka samu aikin. Wannan ni zan faɗa masa. Amma maganar janareta taka ce. Ka fara da Suma'ila kafin Mushe.

Allah ya ba mu ruwa.
Yayarka, Kaltuma

Zermu, 9 ga Yuli

Yaya,

Na gode, Allah ya saka. Na duba: mega 128 gare ta, faifan yana neman 512, lambar da na rubuta musu.

Na sami Suma'ila yana wanke hannu da kalanzir. Da na gama bayani sai ya ce, “To, ai ka huta yanzu,” ya ci gaba da wankinsa. Mushe kuwa bai yi faɗa ba. Babban littafi ya miƙo mini, ya ce da na faɗa ranar farko, da hannu za mu yi tun ranar. Na fi son a ce ya zage ni.

Gobe za mu fara rabo. Ki gaida Inna.

Idirisu

Zermu, 11 ga Yuli

Yaya, ina gaisuwa.

An gama rabo. Gida ɗari huɗu da goma sha biyu na rubuta daga takardun masu gari. Goma sha ɗaya na kira ba su amsa ba. Maƙwabtansu sun ce sun gaji da jira, ranar Laraba suka kama hanyar Kano da 'ya'yansu.

Buhunansu suna kusurwar sito. Mushe ya ba ni makullin.

Ƙaninki,
Idirisu