Yadda Na Shigar da Kwamfutar Hajiya Tarihi

Dutsin-Ma,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayata Huseina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da durƙuso irin na ƙanin da ya san ya yi ɓarna, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Munzali, da 'yata Yasmin, shugabar masu rigima ta Kurfi da kewaye. Yaya damina, yaya jama'ar gida? Ni dai jikina lafiya lau. Zuciyata ce aka ba gado a asibiti.

Kada ki yi mamakin ganin takarda daga hannun ɗalibin ilimin kwamfuta. Tunda kin zartar da hukuncin daina ɗaukar wayata, dole na koma ga fasahar magabata, wato biro da takarda da direban Kurfi. Na san kin ga bidiyon nan da ke yawo. Abin da nake roƙo shi ne ki ji bayanin wanda ake tuhuma kafin ki rufe shari'a.

Sashenmu a jami'a ya shirya baje kolin tarihin kwamfuta, aka kuma ɗora mini lacca saboda an shaidi harshena da rashin gajiya. Aka ce kowa ya nemo tsofaffin kaya. Wani ya kawo tafireta mai karyayyen haƙori, wani ya kawo faifan fulofi, irin wanda ake adana bayanai a ciki a can baya. Ni kuwa, da yake ina son in zarce kowa, sai tunanina ya tafi ɗakin kakarmu Hajiya Ikilima, ya yaye ƙyallen nan mai surfani da take rufe kwamfutarta da shi. Ita ce dai wadda ta saya bayan ta bar aikin buga takardu a sakatariya, wadda matan unguwa ke shiga har ɗaki a buga musu katin biki da takardun ƙungiya da wasiƙun da ba a son namiji ya ji.

Na je na ce mata jami'a na son karrama na'urar. Ban yi ƙarya ba, amma gaskiyar da na faɗa ba ta cika mudu ba. Ta goge ta da hannunta, ta naɗe allon da bargo, ta ce in riƙe mata amana, ni maigidanta da bai taɓa kawo cefane ba.

Ranar lacca na fara da nutsuwa irin ta shehunnan malamai. Na kawo yadda magabata suke lissafi da tsakuwa da 'ya'yan ƙirga a jikin waya. Na kawo Baturen da ya zana injin lissafi mai haƙoran ƙarfe, ya mutu bai ga an gama ƙera shi ba. Na kawo na'urorin farko da ke cika ɗaki guda, masu dubban ƙwayaye irin na fitila, waɗanda ake ba umarni da kati mai huji. Na bi da su har zuwa lokacin da aka dunƙule duk wannan cikin 'yar ƙwaya da ba ta kai farce ba. Ana sauraro, amma ana hamma. Ke kuwa kin san ni da hamma ba ma zama inuwa ɗaya.

Da na iso teburin kwamfutar Hajiya, na danna mata wuta, na sanar da jama'a cewa kafin ta farka za mu iya zuwa sallar la'asar mu dawo. Aka yi dariya. Na ce wannan gurnanin da suke ji ba injin markaɗe ba ne. Na shafa ƙeyar allon, na ce a yi mata uzuri, a zamaninsu girman kai shi ne ilimi. Zaure ya ɗauki zafi, ni kuma na ji kamar an naɗa mini rawani.

A nan ne na hango Hajiya cikin jama'a. Ashe ta ɗauko shatar mota daga Kurfi, ita da ƙawayenta biyu, cikin leshin da take sawa ranar Sallah, ta zo ganin karramawa. Mai hankali da ya naɗe tabarmarsa a nan. Ni sai na nuna ta da yatsa, na ce ga uwargidana can, mai kayan, kuma tsakanin ita da kwamfutar har yanzu masana ba su tantance wadda ta girmi wata ba, illa dai dukansu biyu sai an jira su kafin su tashi.

Yaya, zauren ya kusa tsagewa. Wayoyi suka tashi sama. Hajiya ta yi murmushi, irin wanda take yi wa baƙon da ya yi ɓatan kai ya shigo gida.

Hujjata ita ce wasan jika da kaka halal ne tun fil azal, kuma ta sha kirana da abin da ya fi wannan. Na riƙe hujjar nan har ta narke a hannuna. A tsakar gidanta idan na faɗi ɗaya tana mayar mini da uku. A zauren nan lasifika a hannuna kaɗai take.

Da aka tashi ta gaisa da shugaban sashe, ta juyo ta ce, “Malam Zaharaddin, Allah ya ƙara basira.” Tun da aka haife ni ba ta taɓa kirana da sunana na yanka ba, balle ta ɗora masa Malam. Ta shiga mota ba ta ko dubi inda na'urar take ba.

Ki taimaka ki tausasa mini ƙasa, ki kuma gaya mini ranar da zan iya kawo kaina da kayan. Ki gaida Malam Munzali.

Naki ƙani,
Zaharaddin, tsohon gwarzon lacca, wanda a yanzu yake tsare a hannun lamirinsa.


Dutsin-Ma,
Ranar Asabar.

Yaya Huseina,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da fatan kin tashi lafiya, kuma zazzaɓin Yasmin ya sauka. Saƙonki ya iso ta bakin direba, kalma huɗu cif: ka zo ran Juma'a. Na yaba da tsimin kalmominki, na kuma fahimci dalilin da ya sa kika ƙi raka ni.

Na je. Na ɗauki kwamfutar cikin bargonta, na zauna da allon a cinyata tun daga tashar Dutsin-Ma. A hanya na tsara jawabin neman gafara mai gabatarwa da gundarin magana da kammalawa.

Na yi zaton zagi zan tarar, har na yi masa tanadin wuri a raina. Sai na tarar da karramawa. Ta sa aka shimfiɗa mini dardumar baƙi. Aka kawo fura a kwanon da ake ajiye wa surukai. Ta tambaye ni karatu, ta tambayi lafiyar malamanmu, kamar wani jami'in da aka turo duba rijiya. Na durƙusa na kwararo jawabina har ƙarshe. Ta saurara ba ta katse ni ba, ita da ba ta taɓa barina na kai ƙarshen jimla ba. Sannan ta ce babu komai, ai ilimi na faɗa, kuma abin da ya zama tarihi ba a mayar da shi ɗaki. Ta hana a sauke kayan daga mota. Na leƙa ɗakin, teburin kwamfutar yanzu filas da kofuna ne a kansa.

Ina zaune wata baiwar Allah ta yi sallama, ta ce daga Birchi take, an kwatanta mata gidan. Takarda take so a buga mata zuwa ga dangin mijinta da ya rasu, kan maganar gonar marayu. Hajiya ta ce ta daina, ta je shagon bakin tasha. Matar ta ce ita ba za ta iya zama cikin samari tana zayyana cikin gidanta ba. Ta jima a tsaye, ta mayar da 'yar takardarta cikin lulluɓi, ta fita. Na buɗe baki in ce zan buga mata a wayata, sai na tuna ni ma saurayin bakin tasha ne, har ma na fi su lasifika.

Ban gama haɗiye wannan ba, da na fito ƙofar gida na ji yaran unguwa suna tsere suna rera “sai an jira ta, sai an jira ta.” Kalmomina ne, Yaya, an yi musu kiɗa. Ashe abin da Hajiya take ji ke nan ta kan katanga duk tsawon kwanakin nan.

Yanzu na'urar tana ɗakina, ta cinye rabin wurin kwanana. Jiya na kunna ta. Na zauna na jira ta, kuma wallahi jiran bai kai yadda na faɗa ba.

Na sake duba abin da na shirya don laccar. Akwai wani sashe da na tsallake ranar nan saboda babu dariya a cikinsa. Shi ne bayanin matan da suka riƙa sarrafa waɗancan manyan na'urori na farko, suna cire waya suna sokawa da hannu, aka daɗe ba a ambaton sunayensu. Na tsallake su, ga kuma wadda ta fara da tafireta da takardar kabon, ta koma mai lantarki, aka tura ta kwas Katsina da goyo a bayanta lokacin da kwamfuta ta shigo ofis, tana zaune a gabana cikin leshin Sallah. Rabin laccata ce ta biya mota ta zo da ƙafarta, na mayar da ita abin nishaɗi.

Ba na neman ki wanke ni. Ki dai nemo mini sunan matar Birchi idan da hali, ko ke za ki iya rubuta mata. Kuma ki riƙa leƙa Hajiya da hantsi, lokacin da ta saba zama gaban allon.

Ƙaninki,
Zaharaddin, mai ɗakin ajiyar kayan tarihi ba da son ransa ba.


Dutsin-Ma,
Ranar Alhamis.

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya baki ɗaya. Na gode da amsarki, da kuma zuwa Birchi da kika yi.

Kin rubuta cewa Hajiya ta ce miki dama idanunta sun fara gajiya da allon, kuma mata sun ragu tunda 'ya'yansu suka sami waya. Na san don ki rage mini nauyi kika faɗa. Bai ragu ba. Idan dama tana shirin sauka, ita ya kamata ta zaɓi ranar, a ɗakinta, ba ni ba a gaban mutanen da ba su san ta ba.

Kamar yadda na aiko miki kika isar mata, shugaban sashe ya nemi a bar na'urar cikin akwatin gilashi a ƙofar zauren karatu, ni kuma na ce ba ni da hurumi. Kin ce ta amince da sharaɗin ita za ta buga takardar bayanin da za a liƙa. Yau ta zo, ita kaɗai, cikin atamfar zaman gida.

Muka haɗa kwamfutar da firinta a ofishin sashe. Ta danna da kanta. Ni da shugaban sashe da wasu ɗalibai muka tsaya muna jira. Da allon ya kawo, ta gyara tabarau, ta yi rubutunta, ta fitar da takarda, ta miƙa wa shugaban sashe ba ni ba. Sannan ta kashe na'urar a tsanake, ta jira gurnanin ya mutu gaba ɗaya, ta miƙe.

Na raka ta mota. Ta bar ni na ɗaukar mata jaka. Ba ta kira ni Malam ba, ba ta kira ni komai ba. Ta ce na rame, in riƙa cin abinci.

Da na dawo har an liƙa takardar. Ga abin da ke ciki, na kwafo miki harafi da harafi:

“Wannan kwamfuta ta Hajiya Ikilima ce ta Kurfi. Ta yi wa matan gari aiki fiye da shekara ashirin, ba ta taɓa fitar da maganar kowa waje ba. Lafiyarta ƙalau aka kawo ta nan. Jikana Zaharaddin ne ya yi mata ritaya.”

Ɗalibai sun taru suna karantawa. Wasu sun yi dariya, wasu sun juyo sun dube ni. Akwatin yana daidai ƙofar da nake bi kullum zuwa aji, kuma da sauran shekara guda a gabana.

Na karanta layin ƙarshen nan har na haddace shi, ina neman in gane ko ramuwar wasa ce ta kaka, ko kuwa hukunci ne. Ke kin fi ni saninta. Idan kin gane, ki gaya mini. Idan hukunci ne ma ki gaya mini, zan ɗauka.

Zan zo Juma'a in Allah ya yarda. Ba zan shirya jawabi ba.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Zaharaddin.