Jakar farautar Malam

Daren Laraba, Zongo

Yau tsokanata ta juyo kaina. Tun da jakar fatar maigidana Malam ta yage yake damuna in sayo masa wata, wai jibi za su fita harbin gyazbi da abokinsa Kwami. Na hau zemijan, wato acaɓa, zuwa kasuwar gwanjo, na zaɓo jakar 'yan makaranta irin ta jikata Rabi, ruwan hoda, da hoton 'yar tsana mai kunnen zomo. Ina hanya ina dariya ni kaɗai. Na ce bari in ga tsohon maharbi da wannan a baya, wataƙila kunya ta zaunar da shi gida.

Na miƙa masa a tsakar gida, rana tsaka. Ya shafa ta ciki da waje, ya ja zif, ya rataya a kafaɗa.

Ya ce, "Uwar Sani, kin iya zaɓe. Baƙa ce ko? Nama ba ya son abu mai haske."

Nan na gane idon Malam ya tafi. Ashe shi ya sa yake laluben buta kwanakin nan.

Na ce, "Baƙa ƙirin, Malam."

Na zuba masa gari da ƙuli-ƙuli, gorar ruwa, wuƙa da tocila. Shi kuma ya ƙirga harsasai da yatsu, ya cusa a aljihun gefe.

In na faɗa wa Kwami, na binne Malam da ransa. In na yi shiru, makaho zai shiga daji da bindiga, Kwami yana tafe a gabansa. Saura kwana ɗaya, wallahi ban san wanda zan iya ba.