Farin Gam a Murfin Kwano

Safiyanu,

Ka tafi masallaci ka bar tashar jirgin ƙasan nan ta kwali da kake haɗawa a kan tabarma. Farin gam ɗin da ka zuba a murfin kwano, 'yarka Mahbuba ta ɗauka kindirmo ne, ta lashe tas. Ta yi amai sau biyu, yanzu ta yi shiru, kuma ka san ba halinta ba ne. 

Maƙwabcinmu Balarabe zai kai mu asibiti a babur. Ka biyo mu da robar gam ɗin likita ya duba, rubutun jikinta Turanci ne.

Rufin tashar ni na taka garin ɗaukar Mahbuba. Kada ka yi mata faɗa.

Inna